Angon da Ya Durƙusa a Kan Tire

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai faɗur al-aris na Ihsan ba, ko da kuwa ina son in manta. Ihsan 'yar yayata ce, ni na goye ta. Faɗur kuwa abincin nan ne da dangin amarya ke jerawa a manyan tire su kai gidan ango, a nan ake auna mutuncin gida. Lokacin shekarun layin sukari ne, sai da muka yi watanni muna tara namu cokali-cokali.

Ni ba mai fita ba ce. Ina gida a Umbadda, in ba girki ba to ina murza wata laka mai kamar roba da ƙanena ya aiko min daga Jidda. Ta zo da takardar bayani, rubutun Turawa, na liƙe tagar kicin da ita (karatuna bai wuce allo ba). Laka dai laka ce, in ji ni. Tun muna yara a Jazira muke gina shanu mu shanya a rana. Ashe wannan sai an gasa ta a wuta take tauri, rana kuwa ƙara mata laushi take yi.

Na ce zan yi wa 'yata abin da ba a taɓa gani ba. Na gina amarya da ango, kowanne tsawon yatsa. Ita jan tob, lulluɓin nan namu mai faɗi har ƙasa, na zana mata lalle da tsinken tsintsiya. Shi farar jallabiya da rawani, ƙafafu sirara kamar na angon gaske, Usman. Na shanya, na shafa fenti, na dasa su kan murfin kwano a tsakiyar tire, aka rufe da faifai.

Uwar ango, Hajja Nafisa, dama ba ta gama sakin jiki da auren ba. An ji ta tana cewa yarinyar da ta yi jami'a juya miji take yi. Yayata ta ja min kunne: “Don Allah yau ki rage surutu.”

Ban yi surutu ba. Muka sha rana a bayan mota, kwanon nan ga zafi daga ƙasa. Da muka isa, tsakar gida cike da mata, ni da kaina na ce, “Ya Hajja, wannan ke za ki buɗe.”

Ta ɗaga faifai. Amarya na tsaye ƙyam. Ango ya durƙusa, goshinsa a kan ƙafarta.

Guɗar da aka ɗauko ta mutu a maƙogwaro. Hajja Nafisa ta dube ni ta ce, “Saƙo ne wannan?”

“La wallahi, ya Hajja, a tsaye ya baro gida!”

Na kai hannu in miƙar da shi. Sai ga kansa, har da rawani, a tsakanin yatsuna. (Har yau ban san abin da ya sa na miƙa mata shi ba.)

Ana cikin wannan shiru sai habboba, kakar ango, ta matso da sandarta ta leƙa tire. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Nafisa, wa ya ba su labarin ɗana? Haka kika ajiye shi tun ranar da na kawo ki gidan nan. Bambancin kawai, ke kin bar masa kansa.”

Gida ya ɗauka da dariya. Hajja Nafisa ta ja tob ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce a zubo mana shayi, ta ɗauki amaryar ta ce wannan tata ce.

Ina nan ina gininsu har yau, ina gasawa kamar yadda ya dace. Sai dai duk angon da zan yi, a zaune nake yin sa. Tun daga farko a ba shi wuri ya zauna, kowa ya huta.