Hannun da Ya Jera Masa

Warin nan mai kama da kananzir da aka haɗa da tafarnuwa, ba na jin zan taɓa mantawa da shi. Da safiyar ranar na fesa wa tumatir da furannina maganin ƙwari a bayan gidanmu da ke Tunga, ba safar hannu, ina fesawa ina yi wa ganye waƙa. Da na gama na goge hannu a zani, na shafa humra, na tari Keke zuwa gidan suna. Yayar Ndagi, saurayin da zan aura, ita ta haihu, kuma ranar ce mahaifiyarsa za ta fara ganina, ta taso takanas daga Bida.

Na shiga da niyyar nuna ni 'yar gida ce mai tarbiyya. (Ni da ko a gidanmu sai an kira ni sau uku nake sauko da hankalina daga gajimare.) Na tsuguna gaban kwandon masa, na shiga jera ta a tire da hannuna, ɗaya bayan ɗaya, har da yi mata zubin fure.

Sai tsohuwar ta zo ta tsaya a kaina. Ta shaƙi iska, ta kamo hannuna ta kai hanci.

"'Yata, gona kika fito?"

"A'a Nna, humra ce."

"Humra? To wannan humra, ko tsutsar masara ta ji sai ta yi sallama da duniya."

Matan tsakar gida suka tuntsire da dariya. Wata ta ce, "Amarya da digiri, ba ta san sabulu ba!" Na so ƙasa ta tsage in shige.

Nna ba ta yi dariya ba. Ta ja ni bakin rijiya, ta wanke mini hannu har gwiwa, ta bi ƙarƙashin farce da tsinke, ta ba ni zaninta na canza. "Kina komawa gida ki yi wanka," ta ce. "Kayan feshin ki wanke su daban."

Tun ranar, ko sauro na fesa wa magani, sabulu ne farko, waƙa daga baya.

Sai da na shekara biyu a ɗakin Ndagi na ji sauran labarin. Ashe tiren nan gaba ɗaya Nna ta binne a bayan gida, don ko kaji kada su ci. Da dangin mai jego suka tambayi masar, cewa ta yi ita ta yi tuntuɓe ta zubar.