Rasuwar 'Yar Jos, Rigar Gudun Mudassir

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, gidan Mudassir mai rake na bakin gadar Wudil ke sanar da 'yan'uwa da abokan gudu, da duk wanda wani abu shuɗi ya taɓa giftawa ta gabansa a hanyar Achika bayan sallar asuba, rasuwar rigar sanyinsa ta gudu, wadda aka fi sani da 'Yar Jos. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, a kan tabarma, a tsakar gida, bayan rashin lafiyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ba a san shekarunta daidai ba, amma dai ta haura ashirin.

An jinkirta wannan sanarwa kwana huɗu. Dalilin yana ƙasa, kuma ba dalili ne mai kyau ba.

Marigayiya ba haifaffiyar garin nan ba ce. Malam Ezekiel, ma'aikacin jami'a wanda yake koya wa samarin gari gudu kyauta a filin firamare, shi ya tsince ta a gwanjo a Jos tun yana saurayi. Shekara goma sha ɗaya suna hawan duwatsun Pankshin tare, a sanyin da ya ce namu na nan wasa ne a kansa. Bara, da ɗari ya shigo, ya ga Mudassir yana gudu cikin jibgegiyar jaket irin ta 'yan acaɓa, gumi na zuba, haƙora na kaɗawa. Washegari ya zo da ita a ninke, ya miƙa masa da hannu biyu a gaban kowa, ya ce ita ce abu na ƙarshe da ya rage masa na zamanin gudunsa.

Mai ita ya shaide ta da alheri. Ba ta da nauyi, za ka iya dunƙule ta a tafin hannu ɗaya, amma iskar da ke tasowa daga kogi a kan gada ba ta taɓa ratsa ta ba. In jiki ya ɗau zafi, sai a ja zif ɗinta zuwa ƙirji, ta ce zirrr, ta bar mutum ya sha iska ba tare da ƙorafi ba. Tana da wani farin layi a baya wanda yake haskawa in fitilar mota ta buge shi, kuma Allah kaɗai ya san sau nawa layin nan ya sa direban tirela ya kauce. Ba ta da yawan magana. Shaf, shaf, shaf, shi ke nan zancenta, duk lokacin da hannu ya gogi gefe. In ta yi sauri, mai ita ya san yana kan lokaci. In ta fara ja, ya san lalaci ya shigo, tun kafin agogon Malam ya faɗa.

Ga yadda ajali ya zo mata. Malam zai tura mutum biyar Kano gudun yada-ƙanin-wani a ƙarshen wata, kuma sunan Mudassir ne na biyu a takardar. Aka ce ranar Litinin za a ɗauki hoton da za a manna a fom, kowa ya zo da tsabta. Suwaiba, amaryar Mudassir, 'yar garin Ɗankaza, wadda satinta bakwai ke nan a ɗakinta, ta ji zancen hoto. Ta wanke rigar ranar Asabar. Ranar Lahadi, yana can bakin titi yana fere rake, ta dube ta ta ga duk ta yamutse, ta ce a ranta mijinta ba zai shiga hoton Kano haka ba. Ta hura gawayi, ta cika dutsen guga, ta jira ya yi zafi sosai kamar yadda take yi wa shaddarsa ta Juma'a, ta ɗora a tsakiyar baya.

Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce tsss.

Da ya dawo da azahar, ya tarar da Suwaiba a zaune inda abin ya faru, ko girki ba ta ɗora ba. Rigar na kan cinyarta da rami a baya daidai siffar dutsen guga, har da tsinin hancinsa. Sauran bayan kuwa yana manne a ƙarƙashin dutsen, baƙi ƙirin.

Ta ce, "Yaya, na kashe maka riga."

Ya daɗe a tsaye da wuƙar rake a hannu. Abin da ya fara zuwa masa ba hoton ba ne, ba ma Malam ba ne. Bakin 'yan fili ne. Ya san su. In suka ji, har ta tsufa sunanta Mai Gugar Leda, kuma ko 'ya'yanta sai an kira su da shi. Sai ya ce mata ta tashi ta wanke fuskarta, ba wanda zai ji wannan magana.

Daga nan ne laifin ya bar hannun Suwaiba ya koma bakin mijinta.

Ranar Litinin ya je fili da tsohuwar riga. Malam ya tambayi 'Yar Jos, ya ce tana wanki. Ranar Talata ya ce ba ta bushe ba. Wannan kuwa a lokacin da in ka shanya wando kafin ka gama karin kumallo ya ƙame. Garzali, wanda yake na shida a takarda, kuma ya daɗe yana leƙen na biyar, ya ce a'a, riga ce ko katifa? Aka yi dariya. Malam bai yi ba. Ya dubi Mudassir kawai, ya danna agogonsa. Ranar Laraba Mudassir ya ce ya manto ta a gidan Kawu Ɗantani. Duk wanda ya san Malam ya san yana yafe makara, yana yafe kasala, amma ya taɓa sallamar yaron da ya fi kowa sauri saboda ya ce ya kai gada alhali tun a kwanar titi ya juyo. Mudassir yana wurin ran nan. Duk da haka ya yi ƙarya ta ukun.

Kwana ukun nan tuwo bai shiga gidan da daɗi ba. Da la'asar ɗin Laraba Suwaiba ta nemi izinin shiga cikin gari, ya ba ta bai tambayi ina ba. Ashe gawar ta naɗe a ɗankwali, ta kai gidan Malam, ta durƙusa a gaban matarsa, Mama Asabe, ta faɗi komai tun daga hura gawayi. An ce Mama Asabe ta ɗaga rigar, ta leƙa ta cikin ramin, ta ce ita ma tana amarya ta taɓa yi wa wandon rigar haka, shi ya sa rigar ta zo Wudil ba ɗan'uwa. Ta ba ta ruwa, ta rako ta har titi.

Yau Alhamis, bayan an tashi daga fili, Malam ya ja Mudassir gefe, gindin darbejiya.

Ya ce, "Rigar nan na ba ka, taka ce. Ko miya ka yi da ita ba ruwana. Amma kwana uku kana kallon idona kana ce mini wanki?"

Malam ya ciro takardar sunaye, ya yaga ta biyu, ya ce tunda a gaban jama'a aka yi ƙaryar, a gabansu za a janye ta. Mudassir ba gwanin magana ba ne, in ya tsaya gaban mutane harshensa ɗaurewa yake. Shi ya sa ya zauna ya rubuta wannan. Rigar ba ta wanki, ba ta kan igiya, ba ta gidan Kawu. Ta rasu tun Lahadi, kuma mai ita ya sani. Wadda ta goge ta don ƙauna ta goge ta, shi ne bai taɓa gaya mata irin yadin ba. Duk mai jin dariya ya zo bakin gada ya yi wa Mudassir, zai ba shi rake ya ƙara da shi. Sunan matarsa dai a bar shi a gida.

Marigayiya ta rasu ta bar zif ɗinta, wanda yake aiki lafiya lau har gobe, da hannuwa biyu da ba abin da ya same su, da wani baƙin wando da suka yi zaman haƙuri tare duk da ba launinsu ɗaya ba, da kambas masu faci a babban yatsa. Ta kuma bar ƙusar da ake rataye ta a bayan ƙofa.

Masu niyyar kawo gudummawa, an gode, amma a yi haƙuri a saurara. Kawu Ɗantani ya riga ya aiko da suwaita mai kaurin bargo, Allah ya saka masa. Sai dai sanyin mai gudu daban, sanyin mai jin ɗumi daban. Mai gudu yana rawar ɗari ne a kilomita ta farko kawai, a ta uku gumi yake. Kaya mai kauri ko na auduga sai ya sha gumin ya riƙe, in aka hau gada iska ta buga, kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen tsumma. Mara nauyi ake so, mai tare iska, mai zif, in da hali mai layin da ke haskawa. Wanda bai samu ba, safar hannu ko hular da ke rufe kunne ta wadatar, don yatsu da kunne su ne ba sa jin ɗumi ko an kai Achika an dawo. Takalmi kuma kada a saya wa mai gudu in ba a tafi da ƙafarsa ba.

Za a yi jana'iza gobe Juma'a bayan sallar asuba a filin firamare, kafin motocin shanun kasuwar Kara su cika titi. Ba za a yi salla ba, riga ce. Mudassir zai fara karanta wannan takarda da bakinsa a gaban kowa, a tsaye. Daga nan duk 'yan fili za su fita kilomita goma sha biyu, shi a singileti. Biyar ɗin da suka fara dawowa su ne za su Kano, ba a ajiye wa kowa wuri ba. Wanda ya zo ta'aziyya ya tarar da filin ba kowa sai Malam da agogo, ya jira, an tafi ne za a dawo.

Za a binne ta a gindin darbejiya. Malam ya ce wanda ya fara shigowa ta ƙofar fili daga gudun shi zai haƙa mata. Garzali ya aiko cewa zai taho da fartanyarsa daga gida. Mai rigar ya gode, ya ce ya taho da ita ɗin, zai ara.

Sanarwa daga Mudassir mai rake, a madadin iyali.