Tekun Sarkin Bariki Gwadabe

Kai, Allah dai Ya yi wa Dutse baiwa! Ga duwatsu, ga dabino, sannan ga Gwadabe Sarkin Bariki. Aikinsa a zahiri shi ne share barikin da Bature ke sauka in ya zo rangadi, da tara ƙwai, da korar awaki. Amma in ka ji daga bakinsa, shi da Gwamna ne kaɗai ke riƙe da ƙasar nan, kuma Gwamnan ma yakan huta.

Sha-Teku ake kiransa, don ya ce ya taɓa bin Bature har Ikko, ya ga teku, har ya lasa. Fataken da suka yi tafiyar tare sun ce a kogin Wudil ya juyo, wai kwalekwale na sa shi jiri. To, fatake dai ba a raba su da hassada.

Wata shekara da kaka, wani Bature da ake kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa, ya sauka da wani zanen hoto a cikin katako, ya rataye a bango. Kafin ya wuce ƙauyuka ya kira Gwadabe, ya ce da gurguwar Hausarsa: "Wannan teku. Gara ci babu, hannu babu. Tsaya nesa, ka gani." Ya kuma ce in ya dawo ya tarar da komai lafiya, zai tafi da shi Kano ya zama babban masinja, har da jar dara. Wayyo, jar dara! Shekara tara Gwadabe na mafarkinta.

"Tsaya nesa" kuwa ya ji shi sarai. Sai dai ya tabbata talakawa ake nufi. Ina aka taɓa ganin babban mutum a bakin ƙofa?

Washegari ya tara jama'a kallon teku, ya shimfiɗa tabarmi bisa daraja. Shi a gaba, hancinsa na gogar zanen. Bayansa attajirai da masu unguwanni. Can baya, waje a rana, talakawa ne suke leƙe ta ƙofa.

Ya ƙura ido. Babu ruwa, babu komai, sai ɗige-ɗige: shuɗi, fari, ɗorawa, ja, kowane ɗigo zaune shi kaɗai. Amma Sha-Teku ba ya shiru a gaban jama'a. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku da ba ku taɓa wuce Kiyawa ba, ku saurara. Teku haka yake, zabo-zabo. Ni da na tsaya a bakinsa na ƙirga ɗigon da idona. Fararen nan gishiri ne. Jajayen kuwa sirrin Turawa ne, ba a faɗa."

Manya suka yi ta gyaɗa kai, "Ikon Allah! Lallai zabo-zabo."

Sai murya ta taso daga waje. Iya Indo ce mai fura, da ƙwaryarta a ka.

"La ilaha illallahu! Ku ga ruwa yana ƙyalli! Ga rana ta faɗa ciki, ga wani kwalekwale da farin zane a tsaye. Wallahi kamar iska na kaɗa shi!"

Na bayan suka ɗauka, "Ga shi kuwa! Ga shi can!" Ashe mai zanen bai gauraya launi ba, jera ɗigon ya yi kusa da kusa, ya bar wa ido aikin haɗawa. Ido kuwa ba ya haɗawa sai an ja baya.

Gwadabe ya yi murmushin tausayi. "Iya, rana ce ta buge ki. Ni da hancina ke kai ban ga kwalekwale ba, sai ke daga can? Matso taku uku ki ga na gaskiya." Bai ko waiwaya ba, balle ya ja baya taku ɗaya. Ya ja baya ya tsaya kusa da mai fura? Allah Ya sawwaƙe.

Kwana biyu yana nazari, sai basira ta sauko masa. Mai zanen nan matsiyaci ne, fenti ya yi masa kaɗan, shi ya sa ya riƙa ɗigawa kamar mai sa wa miya gishiri. Kuma abin kunya ne Bature guda ya zauna da aikin da ba a ƙarasa ba. Ya aika aka kira Muntaka marini da tukunyar baba.

Muntaka ya tsaya daga ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa daga nan sai nake ganin kamar an gama shi."

"Matso kusa, ka daina kallon jahilai. An ce hannu babu, to da tsumma za ka shafe."

Muntaka ya shafa, Gwadabe na nuna masa da sanda. Baban ya ƙare saura kusurwa ɗaya ta sama. Sauran ya fito shuɗi shar, sumul, kamar rawanin ango.

Ran da Mai Lofe ya dawo, Gwadabe ya sha babbar riga, ya tara jama'a, ya ma aske kai saboda dara. Bature ya dubi bango. Ya ja baya. Ya ƙara ja. Lofen ya faɗo daga bakinsa.

"Kun gani," in ji Gwadabe, "daɗi ya hana shi magana."

Da maganar ta zo kuwa, ba ta buƙaci tafinta ba. Aka karɓe mabuɗin bariki, aka nuna masa hanya. Ya fito sumui-sumui, kansa na ƙyalli, baƙin ciki kamar ya haɗiye zuciya. A bakin ƙofa, daidai inda yake tsayar da talakawa, ya waiwaya.

Sai ga shi a kusurwar da ta tsira: ruwa na rawa, rana na wasa a kai, da rabin farin zanen kwalekwale. Ya saki baki.

Iya Indo ta gyara ƙwaryarta ta ce, "Sannu da zuwa Ikko, Sarkin Bariki. Mu nan muka saba kallo."