Ranar da Kular Miya Ta Ƙi Tsayawa

Wannan kam ba zan taɓa mantawa ba. Shekarar da aka yi wasannin duniya a Landan ne, bayan hajjina na biyu, tun korona ba a san da ita ba. Za a yi sunan jikata a Thamesmead, na ce kowa ya cire hannunsa daga miyar taushe. Dangin uban jaririyar Kanawa ne, masu ganin mu Zazzagawa ba mu iya miya ba. Na ce za su gani.

Na cika kula fal. Autata Bilki ta ce, "Inna, mu kira tasi mana." Tasi don miya? Na naɗa gammo na ɗora kula a ka. (Gajeriya ce ni, rufin bas bai dame ni ba.)

A bas ta biyu sai ga Hajiya Rabi, kakar jaririyar ta wajen uba, zaune a gaba cikin farin leshi. Muka gaisa, na tsaya a bayanta. Bilki ta raɗa min, "Inna, sauke kular ki riƙe ƙarfen nan."

Na ɗaga murya don a ji. "Ke tafi can! Shekara talatin ina ɗauko tulu daga rafi, ɗigo bai zuba ba. Har da goyonki."

Ashe hanyar rafi ba ta da birki. Mai keke ya gifta, direba ya taka, bas ta tsaya cak. Bilki ta cafke ni, na tsaya. Kula kuwa ba wanda ya gaya mata an tsaya. Ta ci gaba da tafiyarta, ta bar min gammo a ka.

Kabewa har cikin ɗankwalin Hajiya Rabi. Na nemi ƙasa ta tsage. Baiwar Allah ta lakato miya daga kafaɗarta, ta ɗanɗana, ta ce, "Gishiri dai ya ji, Hajiya."

Ran nan da sukari aka ci waina. Surukina injiniya, uban jaririyar, ya zo lallashi, wai har a makaranta ana koyarwa: abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai an tare shi. Na ce to, ai uwarka ta tare.

Yanzu hannu biyu nake riƙe ƙarfen bas, ko jaka ban ɗauko ba.

Yawancin tsofaffin da suka zo sunan sun riga mu gidan gaskiya. Hajiya Rabi tana nan a Whitechapel, Allah ya ƙara mata lafiya. Sunayen jikokinta sun fara ɓace mata, amma wannan labarin kaf take ba da shi.