Fil Na Biyar

"…gajiya ta bi lafiya, amaryata. An ce mini kin bar cin abinci kin koma cin ƙarfe."

"Wane munafukin ne ya kai maka gulma?"

Munafukar dai ni ce, kuma ban yi nadama ba. Inna, mahaifiyata, ta shekara arba'in tana ɗinki a ɗan shagon nan, kuma kullum in za ta kama yadi sai ta jera fil a tsakanin leɓɓanta. Na yi faɗa har bakina ya gaji, amma sabo turken wawa. Da safen nan ta sa guda biyar, atishawa ta zo mata, huɗu suka zubo kan tebur. Mun kakkaɓe yadi, mun share ƙasa, mun bi ko'ina da maganaɗisu, na biyar ya ce ku nemo ni. Tun daga nan ko yawu ta haɗiya sai ta runtse ido. Na ce asibiti, ta ce sai dai a kai gawarta. Shi ya sa na kira ɗana a waya, ma'aikacin jinya a sashen kunne da hanci da maƙogwaro. A duniya shi kaɗai ke gasa mata magana ta yi dariya.

Ta harare shi, hannunta a wuya. "Ka zo wurin matarka hannu na dukan cinya?"

"Ga jaka kina gani. Tocila na kawo miki da hantsaki."

"Mazan kirki na kawo turare, nawa ya kawo kayan gyaran rediyo."

"Ai rediyon ce ta lalace. Kullum daga bakin titi nake jiyo ki, yau unguwa ta samu hutu. Buɗe baki mu gani."

"Lafiyata ƙalau. Na ci gayan burodi na tura shi ƙasa."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Na juya baya ne kawai in sallami wata mai karɓar ɗinki, ashe ta aika rabin burodi.

"Kaka, an ce wanda ya haɗiyi taɓarya ya kwana tsaye. Wanda ya haɗiyi fil ya bi shi da burodi, ban san yadda zai kwana ba."

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wuyana ne ko naka?"

"Naki ne, amma na fi ki sanin hanyar cikinsa. Can bayan harshe hanya ta rabu biyu. Ta gaba ta iska ce, huhu ta nufa. Ta baya ta abinci ce. Akwai wani ɗan murfi da ke rufe ta iskar duk sanda kika haɗiya. In ya makara, shi ne ki ƙware."

"Ni murfina bai taɓa makara ba. Ba irinka ba ne, da kullum sai an tashe ka makaranta da ruwa."

"To fil ɗin nan ko wacce ya bi, ba alheri zai kai ba. Fatana yana nan a bakin ƙofa bai wuce ba."

"Ka ji shi, likitan kaji. Ni na ga bakinka tun babu haƙori ko ɗaya."

"Yau zan rama, don na ji labarin naki ma sun kusa ƙarewa."

"Haƙorana sun fi shekarunka yawa."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buɗe mu ƙirga."

Sai ta kama murza bakin wani ƙyalle. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa ƙwarai.

"Kakanka ma da haka aka fara. Buɗe baki, ka ce aa. Wata uku yana cewa aa, daga nan bai ƙara cewa komai ba. Tsoro nake ji, ɗan nan."

Ni kam hawaye suka cika mini ido. Ban taɓa jin kalmar tsoro a bakin Inna ba. Ɗana ya jawo kujera ya zauna gwiwa da gwiwa da ita.

"Nasa ciwo ne ya fito masa daga ciki, Allah ya ji ƙansa. Naki kuwa ɓarna ce kika yi da hannunki. Kuma shi ya bar mini ke amana. In na bari fil ya ƙwace mini mata, da wane ido zan dube shi?"

Ta ja tsaki, ta ɗaga haɓa, ta buɗe.

Ya sa safar hannu, ya miƙo mini tocila. "Umma, haska nan, kada ki motsa." Ya danne mata harshe da ɗan siririn katako.

"Alhamdu lillahi. Shekara talatin ina jiran ranar da zan yi magana ba ki mayar ba. Bari in zagaya gidan. Ga fiƙoƙi nan garau, da su ake yagar naman jikoki. Turame kuwa, uku sun yi ƙaura. Dasashi lafiya. Harshen nan dai, Umma, ki duba tsawonsa, ai da shi ya kamata a riƙa awon yadi."

Ta kai masa shuri a ƙwauri.

"Ki ce aa. Yauwa. Ga ganɗa a sama kamar rufin ɗaki, ga beli yana reto a tsakiya, shi kaɗai ne mai ladabi a gidan. Ga 'yan tagwayen naman nan na gefe da gefe, masu gadin ƙofa…"

Ya tsaya. Ni ma na hango shi: fil mai ɗan kai rawaya, ya cake a naman gefen hagu, yana motsi duk sanda ta ja numfashi. 

"Mai gadi ya kama ɓarawo," ya ce a hankali. "Kaka, kada ki haɗiya. Ni kawai za ki kalla. Na san ba kyau gare ni ba, ki daure."

Ya zura hantsaki. Shagon ya yi tsit, har ina jin ƙarar injin wani tela a can ƙarshen layi. Sai ga hannunsa ya fito, fil a bakin hantsaki, da ɗan ɗigon jini a tsininsa. Na zauna a kan buhun ƙyallaye.

Inna ta yi tari, ta haɗiyi yawu, ta sake haɗiya. "Turame biyu ne suka fita, maƙaryaci."

"Rediyo ta gyaru. Amma sai kin biyo ni an duba wurin da ya huda."

Na zaci za a sake sabon yaƙi. Sai na ga hannunsa take kallo. Yana ƙoƙarin cire safar, yatsunsa sun ƙi ba shi haɗin kai.

"Hannunka rawa yake yi."

"Yanzu ya samu sarari."

"Ashe kai ma tsoron kake ji, kana ta zuba kamar kanya."

"Tun daga waya, Kaka."

Ta kama hannun ta riƙe a cinyarta har ya lafa. Sannan ta fashe da dariya, tana dafe wuya.

"To na yarda, za ni. Miji dai na yi dace, ko da ba ya kawo turare. Miƙo mini abin awo, ka tsaya nan. Tunda ka leƙa wuyana, sai na auna naka na yi maka riga." Ta zagaya masa tef a wuya, ta matso da ido ta duba. "Oh ni. Wannan ai ko ragowar ƙyalle ya ishe shi."