Rasuwar 'Yar Leƙe, Kyamarar Ɗakin Hajiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin cikin nauyi, Malam Maharazu Gide, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Ƙanƙara, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarar nan da mahaifiyarsa, Hajiya Nana, ta raɗa wa suna 'Yar Leƙe. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa, a hannunsa, kuma da lafiyarta ƙalau.

Marigayiyar ba ta fi ƙwan zabo girma ba. Ido ɗaya gare ta, da 'yar fitila shuɗiya, da doguwar wutsiya mai shiga ramin USB na kwamfuta. Ta yi zamanta a Sabuwa, bisa kabad ɗin Hajiya, tun da ƙafa ta hana tsohuwar fita, hanya kuma ta zama ba kullum ake bin ta da kwanciyar hankali ba. Malam Maharazu, wanda bai taɓa zama ajin kowa ya koyi kwamfuta ba, shi ya shirya komai don ya riƙa ganin mahaifiyarsa daga nesa. Ya ajiye laftof a ɗakin, ya sa mata manhajar da yake sarrafa ta daga Ƙanƙara kamar yana zaune gabanta. Hajiya ba ta taɓa komai. Sai dai ta ga kibiya na yawo a allo ita kaɗai, fitila ta kama, ta gyara ɗankwali ta ce, "Ga aljanin Maharazu nan ya taho."

Shaidar alheri aka yi mata. Ba ta taɓa ƙara gishiri a abin da ta gani ba, ko ranar da ta kama Hajiya da goron da likita ya hana. Ba ta da surutu. Idan aka jona ta a ji tin-din, idan aka cire ta a ji din-tin, iyakar maganarta ke nan a duniya.

Abin da aka ɗauka ciwo ne ya fara da damina, lokacin da hadari ke rage ƙarfin sola, laftof ta koma kan batir. Malam Maharazu zai shiga daga Ƙanƙara ya tarar da komai a wurinsa, ban da kyamara. Sai ya kira ƙanwarsa Barakatu, wadda ke jinyar Hajiya, ta zare wayar ta mayar, a ji tin-din, hoto ya dawo. Haka gobe, haka jibi.

A nan ne tunani ya cuce shi, don mutum ne mai son bin magana har ƙarshenta. Ya ce a ransa, tunda jonawa ke gyara abin, to cirewa ke ɓata shi, kuma a gidan mutum ɗaya ce ke taɓa wayar. Bai tsaya a ransa ba. Ya kira Barakatu ya faɗa mata cewa ita ke zarewa don kada ya ga irin riƙon da take yi wa mahaifiyarsu. Ta ce, "Yaya, ni da ke wanke ta, ni da ke juya ta, mi zan ɓoye maka? In kana son gani ka taho da ido biyu. Kyamarar kuwa ba ni ƙara taɓa ta."

Ba ta ƙara ba. Almu direba ne ya kawo marigayiyar zuwa Ƙanƙara ta hanyar Faskari, sanye da 'yar hular da Barakatu ta ɗinka mata don rufe mata ido lokacin wankan Hajiya. Aka jona ta a kwamfutar shago, ta ce tin-din, ta buɗe ido tangaram. Da wani ne, da ya gode wa Allah ya mayar da ita. Shi kuwa hujja yake nema. Ya ce bari ya buɗe cikinta, in babu lalura a ciki, to magana ta tabbata kan Barakatu. Sukundireba ya zame, wani siririn layi ya tsinke, ta ce din-tin. Daga nan ba ta sake magana ba.

Ya aika da sabuwa, ya sa Almu ya naɗe bakin wayarta da salatif yadda ba mai iya zarewa. Washegari ita ma ta ɓace, salatif yana nan daram. Sai a ranar ya leƙa inda ya kamata ya fara leƙawa, wato saitin wuta. Can ya ga wani ɗan akwati da alamar maki, wanda ya ba laftof izinin yanke wa duk abin da ke ramin USB wuta idan ya jima ba a yi aiki da shi ba, don batir ya daɗe. Tana iya sa shi barci, tashinsa ne ba ta iya ba sai an zare an mayar. Tsarin tattalin wutar nan shi ya zaɓe shi da hannunsa ranar da ya kai laftof ɗin. Ya cire makin. Tun daga nan hoto bai sake ɗaukewa ba.

Yana ta juya abin. Tattali ba laifi ba ne. Laftof umarni ta bi. Sukundireba ba shi da niyya. Duk inda ya kai laifin sai ya tarar da mai hanzari, in ban da wuri ɗaya: ya duba ramin USB, ya duba waya, ya farke cikin mai rai, amma bai taɓa gwada yarda da maganar ƙanwarsa ba, alhali gwajin ba ya bukatar kayan aiki.

Marigayiyar ta bar laftof ɗin da ta rene ta, da magajiyarta mai salatif, da hularta. Ta bar Hajiya, wadda ke cewa sabuwar ba ta da kunya irin ta waccan. Ta bar Barakatu, wadda yanzu da fitila ta kama sai ta fice daga ɗakin, kuma ba ta ɗaukar wayar yayanta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a tsakar gidan Hajiya da ke Sabuwa, gindin zogale. Ba za a yi salla ba, Malam Maharazu ya san iyakarsa. Addu'a a yi wa masu rai. Zai kawo gawar da kansa a motar Almu, ba aike ba, kuma ba a yarda kowa ya halarta ta allo ba. Hularta ce likkafani. Ba za a mayar da ƙasa ba sai wadda ta ɗinka hular ta fito ta ji abin da zai faɗa a gaban Hajiya. In ba ta fito ba, za a same shi a zaure. Ya rufe shago, bai kuma faɗa wa Almu ranar komawa ba.