Turaren da Kawu Ya Shafa

Duk unguwarmu ta Harra ta Gabas a Madina babu wanda ya kai ni iya ajiya. Ko ƙanƙara ka ba ni, sai baɗi za ta narke. Da na bar sigari na koma ta lantarki, wani aboki ya kawo mini ruwan nikotin mai isata shekara, ya ce sanyi da duhu yake so. Firiji kuwa na uwargida ne, wadda na rantse wa na daina komai. Sai na ɗura shi a kwalaben turare, na ɓoye a saman kabad.

Zafin Madina ya dafa shi har ya yi baƙi kamar turaren ud. Da kawunta ya zo Umra daga Kano, ta lalubo kwalba ɗaya ta ba shi tsaraba. Ya shafe gemu ranar Juma'a, ya dawo daga Harami jiri na ɗibarsa. Uwargida ta shinshina kwalbar, ta dube ni ta ce, "Esh hada, mene ne wannan, Abu Maryam?" Sauran duk ta tuttular.

Na gaji da bayani, wallahi. Har yau in Kawu ya bugo waya sai ya ce, "Ɗana, turaren nan naka mugu ne, amma kullum raina yana biyawa."